Shaidar Kaji a Bargar Kawu

Dawaki tara ne a bargar kawuna da ke bayan ganuwa a Kano, kuma ni ke riƙe da littafin lissafinsu. Takwas na haya ne: samari su ɗauka su yi kilisa da yammacin Juma'a, angwaye su hau ranar biki, mahaya kuma su kama tun da wuri saboda Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Na tara shi ne Akawal, baƙin ingarma ɗan shekara 12, wanda ba mai ɗora masa sirdi sai Kawu. Ko nawa aka taya, ba a ba da shi haya.

Wata shekara da azumi ya faɗo cikin bazara, saura mako bakwai Sallah, Kawu ya zo ɗaure majayi sai ya ga ya yi rara da kusan rabin taƙi. Ya ja da baya ya ƙare wa dokin kallo. Haƙarƙari sun fara ƙirguwa, ƙashin ƙugu ya tsaya, gashin nan da ke sheƙi kamar an shafa masa man shanu ya dushe. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai mai littafi, dokina yunwa yake ji. Ina hatsina yake tafiya?"

Aikin barga ba shi da wata ƙumbiya-ƙumbiya. Da asuba a kwashe kashi, a share gindin turke, a ba da ruwa. Hantsi ya yi a zuba harawa, a goge jiki, a tsefe geza da wutsiya, a ɗaga kofato a cire tsakuwa. Da la'asar a fita da su su miƙe ƙafa, da almuru a dama dusa da ɗan kanwa, a auna hatsi. Doki ƙaramin tumbi gare shi idan aka kwatanta da girmansa, kuma ba ya iya amai, shi ya sa ake ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. A zafin bazara kuwa ingarma ɗaya na iya shanye lita 40 ko 50 na ruwa a yini. Mutum biyu ke wannan hidima: wani dattijo da muke kira Baba Shamaki, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani, da wani yaro ɗan shekara 16 da ya zo daga ƙauye watanni huɗu kafin nan. Akawal a hannun yaron yake.

Na buɗe littafi. Buhunan gero da dawa da muka saro daga Dawanau suna raguwa daidai yadda aka saba. Rabon Akawal ma ya fi na kowane doki. Komin cinsa kuwa kullum da safe a lashe yake tas. Hatsi na fita daga buhu, ba ya zama a komi, ba ya kuma zama a jikin doki. Lissafi ya ba ni amsa guda, ni kuwa na karɓe ta da hannu biyu, don na san irin labarin da ake bayarwa na yaran barga masu rage mudu su kai wa masu fura.

Kawu ya kira yaron. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ko ƙwaya ban taɓa ɗauka ba." Kawu ya ce zuwa Sallah in dokin bai murmure ba ya haɗa kayansa. Baba Shamaki yana gefe yana gyaran ragama, bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A ba ni kwana goma."

Ni ban yarda da jira ba. Na karɓe mabuɗin ɗakin hatsi, na riƙa aunawa da hannuna ina zubawa da hannuna, na kuma sa kwaɗo. Kwana takwas ana haka. Da yaron ke sata, ai da dokin ya tsaya da ramewa. Bai tsaya ba. Kunya ta fara kama ni, amma ban furta ba.

Da batun sata ya yi rauni, sai aka koma kan baki. Goggo ta ce tun Sallar bara da jama'a suka yi ta nuna Akawal a Ƙofar Kudu ta san za a rina, kambun baka ne. Aka rataya masa laya a wuya, aka jiƙa ɗauri aka ɗura masa. Wani maƙwabci ya ce tsutsar ciki ce, aka sayo ibamektin aka ba shi. Daga nan muka kira malamin dabbobi. Ya auna zafin jiki, ya sami 38, wanda yake daidai, don na lafiyayyen doki tsakanin 37.5 ne da 38.5. Bugun zuciya 36 a minti, shi ma ba laifi, tunda daga 28 zuwa 44 ake nema. Ya buɗe fatar ido ya ga jini bai yi ƙasa ba, ya duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne bai ga kaska ba, saboda haka ya cire cutar jinin da kaska ke kawowa. Ya ɗebi kashi ya dama da ruwa a cikin leda ya rataye, don dokin da ke cin abinci a kan rairayi yakan tara yashi a hanji. Yashin da ya kwanta bai cika cokali ba. Da ya kai hannu zai kama muƙamuƙi, Akawal ya fizge kai ya miƙe tsaye har ya kusa tsinke igiya. Malamin ya yi dariya ya ce, "Wannan mai zafin kai ne." Muka bar zancen a haka, alhali doki ne da yara ke wucewa ta ƙarƙashin cikinsa.

Ba sata, ba zazzaɓi, ba tsutsa, ba yashi. Saura mako huɗu.

Wata asuba bayan mun dawo daga masallaci na tarar da Baba Shamaki zaune a kan turmi a tsakiyar barga. Ya hana yaron taɓa tsintsiya. Ya yafito ni ya ce, "Zauna nan, ɗana. Kai ka iya ƙirga. Ƙirga mini kajin can."

Kajin maƙwabta ne da ke shigowa ta magudanar ruwa kowace safiya, mun saba da su har ba ma ganinsu. Na ƙirga 14. Biyu suna yawo tsakanin sauran dawaki takwas, suna tono ba kuzari. Sauran 12 duk suna gindin turken Akawal, wasu a ƙarƙashin komi, wasu a bayansa suna faɗa a kan kashinsa.

Baba ya ce, "Kwana uku ina kallonsu. Kaza ba ta san dokin Alhaji ba, ba ta san na haya ba. Me ya kai su can?"

Ya ɗauki kara ya fasa kashin Kili, wani dokin haya da ke kusa. Laushi ne lis, ba abin da ake ganewa a ciki. Ya je ya fasa na Akawal. Ga tsabar dawa nan ɗai-ɗai ko fashewa ba ta yi ba, ga dogayen zaruruwan harawa kamar ba su bi ta baki ba. Hatsin Kawu yana shiga ta gaba yana fita ta baya yadda ya shiga. Wanda bai shiga ba kuma yana zuba daga bakin dokin ƙasa, kaji su tsince kafin rana ta fito, mu zo mu ga komi fes mu ce ya cinye.

A nan Baba ya nuna mini abu na biyu. Gefen komi akwai wasu dunƙule-dunƙule na harawa, jiƙe da yawu, kowanne kamar ɗan yatsan babba, sun kai goma. Ban taɓa ganinsu ba. Baba ya kira yaron ya ce, "Kai ɗan nan, tun yaushe kake ganin wannan?" Ya ce, "Baba, tun zuwana. Kullum nakan share su kafin Alhaji ya shigo, kada ya ce na bar wuri da datti." Na ce, "Me ya hana ka faɗa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ba a tambaye ni ba. Hatsi aka tambaye ni."

Ashe tsaftar yaron ce ta riƙa share mana shaida, mu kuma muka saka masa da kiran ɓarawo.

Saura a san abin da ke hana doki tauna. Baba ya zuba harawa muka tsaya kallo, karo na farko da na tsaya na ga doki yana ci daga farko har ƙarshe. Akawal ya ɗiba da haƙoran gaba lafiya lau. Da ya kai ta ciki sai ya karkatar da kai gefe guda, ya yi ta juya ta a hankali, yawu na dalala, can sai ya buɗe baki ya saki dunƙule. Kawu da ya iso ya tsaya a bayanmu ya ce shi ma ya lura watannin nan da ya ja linzami sai dokin ya riƙa kaɗa kai, ya ɗauka ƙoshi ne. Baba ya lallaɓa ya shafa kuncin dokin daga waje, ya ɗan danna daidai layin turame. Akawal ya zabura kamar an tsikare shi da allura. Na tuna da malamin dabbobi da "mai zafin kai".

Aka nemo wani likita da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ke duba dawakin folo. Ya yi wa Akawal allurar da ta sa jikinsa ya yi sanyi, ya sa wani ƙarfe da ke riƙe baki a buɗe, ya haska tocila ya ce in leƙa. Cikin kuncin duka biyu ya tsattsage, wani wurin har ya zama miki. Gefen harshe ma haka. Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a gefen turaman sama. Kaifi ne kamar bakin fasasshiyar kwalba.

Likitan ya warware mana sauran. Ingarma haƙora 40 gare shi: 12 a gaba na yankan ciyawa, fiƙa huɗu, sai turame 24 na niƙa. Haƙorin doki ba kamar namu ba ne, yana ta turowa waje kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna kuma tana cinye shi. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka doki gefe da gefe yake niƙa, kamar mace a kan dutsen niƙa. In niƙan bai kai har baki-baki ba, sai gefen waje na turaman sama da gefen ciki na na ƙasa su ƙi cinyewa, su yi tsini. Na sama su yanki kunci, na ƙasa su yanki harshe.

Kawu ya ce, "To Likita, me ya sa shi kaɗai, bayan shi na fi ji da shi?" Likitan ya tambayi abin da kowanne ke ci. Dawakin haya harawa da ciyawa suka fi samu, da damina kuma a kai su kiwo. Akawal kuwa gata ya sa aka cika shi da hatsi da dusa mai laushi, ba a kuma fita da shi kiwo don kada ya haɗu da wasu ingarmu su ji masa rauni. Likitan ya ce dokin da aka sake a makiyaya yakan kai awa 16 yana tauna a yini, kuma doguwar ciyawa ce ke sa muƙamuƙi ya yi cikakken zagaye. Hatsi ɗan gajeren motsi yake buƙata. Ga shekaru sun fara ja, ba a kuma taɓa buɗe bakinsa ba tun da aka saye shi. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wato ni ne ɓarawon."

Likitan ya ɗauko magagari mai dogon hannu ya goge tsinin nan ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya ce a wanke bakin da ruwan gishiri na 'yan kwanaki, a jiƙa abinci har mikin ya rufe, sannan a ƙara harawa a rage hatsi, kuma kowane doki a bargar a riƙa duba bakinsa sau ɗaya a shekara. Da ya bi sauran takwas, biyu sun fara nasu tsinin.

Nama ba ya dawowa da saurin da ya tafi. A ƙaramar Sallah Kawu Kili ya hau, Akawal yana turke yana jin tambari daga nesa yana haniniya. Sai a Babbar Sallah, bayan wata biyu da kwana goma, ya fita, majayi ya koma inda ya saba tsayawa, yaron nan yana riƙe da ragama cikin sabuwar riga da Kawu ya ɗinka masa. Tun kafin nan na same shi a bayan barga na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Yaya, ba komai," ya ci gaba da wankin bokiti. Na mayar masa da mabuɗin ɗakin hatsi, har yau yana wuyansa.

Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. A bargarmu mu ne muka kwana a kan damin, kaji kuwa sun san inda hatsi yake tun ranar farko. Na ƙara layi ɗaya a littafina, kusa da na buhuna da na kuɗin haya. Kowace asuba, kafin a sa tsintsiya, yaron yakan zagaya turaka tara da kara a hannu, ya dawo ya gaya mini abin da ya gani, ni kuma in rubuta.