Tsohon Banjo Da Neman Masassaƙi Mai Amana

A kasuwar tsofaffin kayan kiɗa ta Amurka akwai wani aiki da ya daɗe yana jawo muhawara, wato mayar da tsohon banjo mai tsirkiya huɗu, wanda ake kira teno, ya koma mai tsirkiya biyar. Ga wanda bai san shi ba, banjo ɗan uwan gurmi ne da molo: fata a ɗaure kan jiki mai zagaye, dogon wuya, da tsirkiyoyi bisa jaki. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da ƙwarya a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17. Gajeriyar tsirkiyar da babban yatsa ke kaɗawa, wadda ita ce ta biyar a yau, tana nan a jikin akontin na Jolawan Gambiya da Senegal.

A shekarun 1920, lokacin da kiɗan jaz ke tashe, makaɗan gidajen rawa sun fi son teno, domin ba shi da gajeriyar tsirkiya kuma amonsa na ratsa ƙarar ƙahonni. Kamfanin Gibson da ke Kalamazoo a Jihar Michigan ya fito da samfurin Mastertone a 1925, kuma akasarin abin da ya ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu teno ne. Masu tsirkiya biyar kaɗan ne ƙwarai. Sai zamani ya juya. Jita ta karɓe gurbin banjo a jaz, sannan a ƙarshen 1945 Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe da salonsa na kiɗa da yatsu uku. Daga nan makaɗan bulugiras suka shiga neman irin amon tsohon Gibson mai tsirkiya biyar. Da yake na asalin sun yi ƙaranci kuma sun yi tsada, sai ido ya koma kan teno.

Dalili kuwa shi ne, amon banjo yawancinsa daga gangar jiki yake fitowa, wato kewayen katako da zoben ƙarfen da fata ke zaune a kai. Wuya da kusoshi ake ɗaura shi, ana iya kwance shi. Saboda haka aikin masassaƙi shi ne ya sassaƙa sabon wuya mai matakai 22 a maimakon 17 ko 19 na teno, ya dasa marfin ɗaurin tsirkiya ta biyar a gefe, ya kuma daidaita gindin wuyan ya zauna daram a jikin tsohon katakon. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba a wannan mahaɗa ya isa ya sa tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, ko amon ya dushe.

A nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo, kuma a nan ne amana ke shigowa. Da yawa daga cikin tsofaffin teno na Gibson suna da zobe mai tudu, alhali makaɗan bulugiras sun fi son shimfiɗaɗɗe irin na Scruggs. Domin a sa shimfiɗaɗɗen, an sha rage tsawon kewayen katako a injin, wani lokaci har a yanke wani ɓangare na takardar shaidar kamfani da ke ciki. Wuya ana iya mayar da shi, amma katakon da aka yanke ya tafi ke nan. Hausawa na cewa garin neman gira a rasa ido. Alhali akwai zobban da ake ƙerawa musamman don su zauna ba tare da an taɓa katakon ba.

Don haka mai neman masassaƙi ya kamata ya fara ganin ayyukan da mutumin ya yi a baya, ya ji amonsu da kunnensa. Ya tambaye shi ko zai daidaita sabon wuya da tsohon jiki ne, ko kuwa jikin zai sare ya bi wuyan. Amsar farko ce kaɗai abin karɓa. Ya nemi a dawo masa da tsohon wuyan ya adana, a kuma sa alamar masassaƙi a sabon, domin an sha sayar da banjon da aka sauya a matsayin na asali, wanda ha'inci ne tsantsa. Kada kuma ya yi gaggawa, gwanayen wannan sana'a ba su da yawa, kuma araha ba ta ado.

Akwai masu cewa a bar teno yadda yake, kuma suna da hujja, domin makaɗan gargajiya na ƙasar Ailan sun rungume shi tun zamanin Barney McKenna na ƙungiyar The Dubliners. Sai dai abin kiɗan da ke kulle cikin akwati ba ya amfanar kowa. Sauyin ba laifi ba ne muddin wanda zai gaji kayan gobe zai iya mayar da shi yadda aka ƙera shi, ya kuma san gaskiyar abin da ke hannunsa.