Amanar Ɗan Wasa da Kwaɗayin Kofi

A gidajen kallo na Batsari da Safana, inda ƙwallon ƙafa ke da rinjaye, ƙwallon kwando kuwa sai jefi-jefi ake waiwayarsa, akwai mas'alar da samari kan yi musu a kanta har a kashe janareta, wato ko ya dace gwani ya bar ƙungiyar da ta raine shi don neman kofi a wata. Hujjar da ta fi kusa da mu kuwa ita ce ta ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets ta Amurka ta ɗauka a 1984, ya yi mata shekara 17.

Masu yabon haƙuri kan ambaci kofunan da ya ciwo mata a 1994 da 1995, da yadda aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 alhali yana azumin Ramalana. Sai dai sukan tsallake 1992, lokacin da ya ce yana da ciwo a cinya, shugabannin ƙungiyar suka zarge shi da ciwon ƙarya saboda rigimar albashi, suka dakatar da shi, shi kuma ya nemi a sallame shi, har sai da suka yi sulhu da mai ƙungiyar, Charlie Thomas, a cikin jirgin da ya kai su Japan buɗe kakar wasa. Abin mamaki kuma, kofinsa na biyu bai samu ba sai da taimakon wanda ya yi ƙaura, wato Clyde Drexler, abokin wasansa tun jami'a, wanda ya kai Portland wasan ƙarshe a 1990 da 1992 bai yi nasara ba, ya nemi tafiya. Shi kansa Olajuwon a Toronto ya ƙare, bayan sun kasa daidaitawa da Houston a 2001.

A ganina, abin da ke tsakanin ɗan wasa da ƙungiya shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira ijara, aiki sananne da lada sananne zuwa ajali sananne, kuma wanda ya cika wa'adinsa ba a kiransa maci amana, kamar yadda ba a zargin mutumin Ruma ko Runka da ya kai amfanin gona rumbu sannan ya tafi cirani. Balle ma a tsarin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba sabon ɗan wasa ne ke zaɓen inda zai fara ba, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi ne ke fara zaɓe, kuma suna iya musanya shi gobe ba tare da shawararsa ba.

Duk da haka kofi suna ya tara. Kevin Durant ya bar Oklahoma a 2016 ya koma Golden State, ƙungiyar da ta ci wasa 73 a kakar da ta ƙare a shekarar, wadda kuma ita ce ta fitar da tasa. Ya ɗauki kofi a 2017 da 2018, amma har yau ana yi masa gori. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sabunta yarjejeniya da Milwaukee a 2020 lokacin da ake ta zuga shi ya tafi, shekara na zagayowa ya ciwo wa garin kofin da rabonsa da shi tun 1971.