Daga Tallar Talabijin zuwa Dandalin New York

A shekarar 2001, a garin Piet Retief na Afirka ta Kudu, wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Pretty Yende ta ga tallar kamfanin jiragen sama na British Airways a talabijin. Muryoyin mata biyu ne ke tashi a cikinta, an tsakuro su daga wasan Lakmé na Bafaranshe Léo Delibes. Waƙar coci da ta gida ta saba da su. Sai da ta tambayi malaminta a makaranta ya gaya mata sunan wannan abu opera.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa. A Italiya ta samo asali, wajajen shekarar 1600. Mawaƙin yana tsaye a dandali, makaɗa hamsin ko fiye suna ƙasansa da gogensu da algaitunsu irin na Turawa, kuma ba a ba shi makirfo. Da huhu da maƙogwaro kawai zai kai murya har kujerar ƙarshe. Shi ya sa horon ke cin shekaru. Ana koyon riƙe numfashi, da karanta rubutun kiɗa, da furta Italiyanci da Faransanci da Jamusanci kamar ɗan gida. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar waƙar da ta fi ƙarfin muryarsa yana iya kassara ta tun da ƙuruciya. Ko a nan gida, ɗan amshi yakan daɗe a bayan maigidansa kafin ya kafa nasa kiɗan.

Masu ba da labarin Yende sun fi son su tsaya a kan tallar nan, kamar sa'a ce ta faɗo mata daga sama. A ganina abin dubawa shi ne shekara goma sha biyun da suka biyo baya. Ta ajiye burinta na karatun akanta, ta shiga sashen kiɗa na Jami'ar Cape Town. A 2009 ta lashe gasar Belvedere a birnin Vienna, ta samu gurbi a makarantar gidan wasan La Scala da ke Milan, inda dole ta koyi Italiyanci. A 2011 ta zo ta ɗaya a gasar Operalia ta Plácido Domingo a Mosko. Gasa a wannan sana'a kasuwa ce, can masu gidajen wasa ke zuwa farautar sababbin muryoyi.

Mawaƙiyar da za ta fito a watan Janairun 2013 a wasan Le Comte Ory na Rossini, a gidan Metropolitan da ke New York, ta janye. Aka kira Yende, ta haddace rawar da ba ta taɓa takawa ba cikin 'yan makonni. A daren farko, tun ba ta buɗe baki ba, ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban jama'a, a zauren da ke cin mutum kusan 3,800. Ta tashi ta rera waƙarta har ƙarshe, aka yi ta tafi.

Ranar 6 ga Mayu, 2023, tana cikin waɗanda suka yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku a Landan.