Gaskiya ko Jita-jita: Dukiyar Gidan Ɗantata

Da labarin rasuwar Alhaji Aminu Ɗantata ya iso Mubi ranar 28 ga Yuni, 2025, teburin mai shayi ya koma zauren tarihi. Daga bakin kasuwa har kara, kowa da irin tasa. Wasu maganganun sun tsaya da ƙafarsu, wasu kuwa jita-jita ce kawai.

An fi yawan cewa gyaɗa ce ta yi Alhassan Ɗantata, mahaifin marigayin. Jita-jita ce mai ɗan ƙamshin gaskiya. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da fatauci ya zame musu gado. Goro ya fara nema. Ya bi hanyar Gwanja, ya zauna Ankara ta ƙasar Gana inda mahaifiyarsa take, daga baya ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon a yi watanni ana bin ayari a ƙasa. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa suka shiga neman gyaɗa ido rufe, sun tarar da shi da jarinsa da yaransa da sanin hanya. Shi ya sa kamfanin Neja ya ɗauke shi dillalin sayen gyaɗa a 1918. Dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna ta zo ne bayan shekaru na ƙurar fatauci, kuma wannan ne ɓangaren da masu labari ba su cika so ba, don ba shi da armashi.

Zancen raƙuma ashirin fa? Wani dattijo mai sayen shanu ya rantse ƙari aka yi. To, wannan yana rubuce a tarihinsa: da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin.

Sunan ma akwai ruɗani. Da yawa sun ɗauka Tata mahaifinsa ne. Mahaifinsa Abdullahi ne. Tata ita ce matar da ta raine shi.

Sai wadda ta fi tayar da jijiyar wuya, wai Aliko Ɗangote jikan Alhassan ne, har a gabansa ya koyi ciniki. Lissafi kaɗai ya isa raba gardamar: Alhassan ya rasu a watan Agusta 1955, Aliko kuwa haihuwar 1957 ne. Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko, 'yar Sanusi Ɗantata ce, Sanusi kuma ɗan Alhassan. Ke nan Aliko tattaɓa-kunne ne, Aminu kuwa ƙanin kakansa.

Wani saurayi ya ce ai kyautar gidan ba ta wuce ganuwar Kano. Kano ta sha romo, babu musu. Sashen wankin ƙoda na asibitin koyarwa na Aminu Kano sunan Alhassan Ɗantata yake ɗauke da shi. Amma da ambaliya ta cinye Maiduguri a Satumba 2024, Aminu, yana da shekara 93, ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi. Saurayin ya yi shiru, ya ce wa mai shayi, "Malam, ƙaro madara."