Imel ɗin ofis ya ƙi buɗewa a waya? Ga abin da za a duba kafin a goge akawun

A Daura, ana ƙara samun matasan da aikinsu ya dogara da imel, musamman tun da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. Takardar kiran taro, sanarwar ƙarin girma da wa'adin miƙa rahoto duk ta nan suke zuwa. Idan manhajar imel ta kasa haɗuwa da sabar ofis, da yawa sukan yi gaggawar goge akawun, ko su miƙa waya da kalmar sirri ga mai gyara. Duka biyun akwai haɗari, alhali galibi matsalar ƙarama ce.

A fara da data

WhatsApp na aiki ba ya nufin intanet na aiki. Kamfanonin sadarwa na sayar da datar soshiyal midiya kaɗai, wadda ba ta buɗe imel. A gwada buɗe wani shafi a burauza. Mazauna garuruwan bakin iyaka kamar Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'adua su duba sunan netwok ɗin da ke saman allo, domin waya na iya kama sabis ɗin Nijar, data kuwa ta tsaya.

A shiga ta burauza

Wannan gwajin ne ke nuna inda laifin yake. A buɗe shafin imel ɗin ofis a Chrome, a sa adireshi da kalmar sirri. Idan ya buɗe, saba lafiya lau take, matsalar tana cikin waya. Idan ya ƙi, ko dai wa'adin kalmar sirri ya ƙare, ko an kulle akawun, ko sabar ce ta faɗi. Nan aikin jami'in kwamfuta na ofis ne.

Agogo da kwanan wata

Wayar da batirinta ya mutu ta daɗe a kashe kan tashi da kwanan wata na daban. Manhaja takan ɗauka takardar shaidar tsaron saba ba ta da inganci, sai ta ƙi haɗuwa. A saita agogo ya riƙa daidaita kansa daga netwok.

Sunan saba da lambar tasha

Harafi ɗaya ya isa ya hana haɗuwa. Don karɓar saƙo, IMAP na amfani da tasha 993, POP3 kuma 995, duka da tsaron SSL/TLS. Don aikawa, SMTP na amfani da 465 ko 587. Idan saƙo na shigowa amma ba ya fita, a duba ɓangaren SMTP, a tabbata an kunna neman suna da kalmar sirri. A guji tasha 25, domin kamfanonin intanet da dama na toshe ta.

Tsohuwar hanyar shiga

Daga 1 ga Oktoban 2022 Microsoft ya fara rufe shiga da kalmar sirri zalla a Exchange Online, Google ma ya yi haka ga akawun ɗin Workspace a 2025. Don haka tsohuwar manhaja za ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, ko da daidai take. A sabunta manhajar, ko a sauke Outlook ko Gmail, a shiga ta shafin kamfanin da zai bayyana.

Kafin a goge

A IMAP da Exchange saƙonni na zaune a saba, gogewa da sake sakawa ba ta ɓatar da su. POP3 kuwa na iya sauke saƙonni ya share su daga saba, wato goge akawun na iya tafiya da wasiƙun shekaru. Idan duk an gwada bai yiwu ba, a ɗauki hoton allon da ke nuna kuskuren a kai wa jami'in kwamfuta. Kalmar sirri kuwa kada a ba kowa, ko ta waya aka kira aka ce daga ofis ne.