Jaridu da ra'ayin masu zaɓe a Arewa kafin zaɓen tarayya na 1959

Zaɓen tarayya na 1959 shi ne babban zaɓen da aka yi a Najeriya ranar 12 ga watan Disamba, 1959, domin fitar da 'yan Majalisar Wakilai waɗanda za su karɓi mulkin kai daga hannun Turawan Birtaniya a ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kujerun majalisar 312 ne: Jihar Arewa tana da 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko kuma 3. Tun da Arewa ita kaɗai ta riƙe fiye da rabin kujerun, kowace jam'iyya ta san cewa a can ne za a yi ta ta ƙare. Jaridun wancan zamani kusan duk sun ɗauki ɓangare a fili, amma tasirinsu a kan mai jefa ƙuri'a na Arewa bai kai na hakimi da alƙali da mawaƙi ba.

Kishin Arewa da jam'iyyun da suka fafata

An kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951, aka kuma fi saninta da NPC. Shugabanta Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, shi ne Firimiyan Jihar Arewa, mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya zama Firayim Ministan tarayya tun 1957. NPC ba ta ɓoye cewa ita jam'iyyar yanki ce ba. Takenta shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da bambancin addini ko muƙami ko ƙabila ba, kuma 'yan Arewa kaɗai take karɓa a matsayin mambobi.

Wannan kishi yana da tushe a cikin tsoron cewa 'yan Kudu, waɗanda suka yi wa Arewa nisa a ilimin boko, za su gaje kujerun Turawa idan aka yi gaggawar ba da mulki. Abin ya fito fili a ranar 31 ga Maris, 1953, lokacin da Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna kuma ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. Jama'a suka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, jaridun Kudu suka yi ta zaginsu da cewa 'yan koren Turawa ne. A watan Mayu na wannan shekara rikici ya ɓarke a Kano saboda ziyarar tawagar AG ƙarƙashin Samuel Akintola, aka rasa rayuka aƙalla 36. A cikin watan ne majalisun Arewa suka amince da wasu buƙatu takwas waɗanda da an bi su da ƙasar ta koma haɗakar yankuna masu cin gashin kansu, saura ƙiris a ce an rabu. Ba a kai ga rabuwar ba, amma raunin da jaridun Ikko suka yi wa shugabannin Arewa a 1953 bai warke ba har zuwa 1959.

Abokan hamayyar NPC a cikin gida iri biyu ne. Akwai NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano yake jagorantarta, tana neman 'yantar da talaka daga zaluncin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe. Sai kuma ƙungiyoyin ƙananan ƙabilu da na wasu larduna, babba daga ciki ita ce UMBC ta Joseph Tarka, masu neman a yanke musu jiha daga Arewa. Waɗannan suka haɗa kai da AG ta Obafemi Awolowo, wadda ta ci gaba da alƙawarin ƙirƙirar sababbin jihohi duk da cewa Kwamitin Willink na 1958 bai ba da shawarar yin haka ba.

Wa ke da wace jarida

NPC ba ta da jaridar kullum ta kanta a 1959, amma ba ta rasa baki ba. Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur a Zariya na gwamnati ne, shi ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na farko, da kuma Nigerian Citizen ta Turanci, wadda aka fara a 1948. Tun da NPC ce ke riƙe da gwamnatin jihar, labarin rangadin Firimiya da buɗe asibiti da ɗaukar 'yan Arewa aikin gwamnati shi ne labarin gwamnati, kuma shi ne kamfen ɗin jam'iyya. Ba sai edita ya yi ƙarya ba kafin ya karkata. Zaɓen abin da za a sa a shafin farko ya isa. Hukumar NORLA ma ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna a shekarun 1950, irin su Bazazzaga ta Zazzau, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano. An yi su ne domin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su sami abin karantawa, kuma ba wurin sukar En'e ba ne.

Muryar NEPU ita ce Daily Comet, ɗaya daga cikin jaridun kamfanin Azikiwe, wadda aka mayar da ita Kano a 1949. Tana da shafin Hausa, kuma 'yan NEPU irin su Magaji Ɗambatta da Tanko Yakasai sun yi aiki a cikinta. A nan ne ake buga ƙorafin ɗauri da bulala da harajin da ya wuce kima, sau da yawa da kakkausan harshe. AG kuwa, ban da Nigerian Tribune ta Ibadan da Daily Service ta Ikko, ta kafa ƙananan jaridu a cikin Arewa kanta, kamar Northern Star a Kano da Middle Belt Herald a Jos. West African Pilot ta Azikiwe tana tare da NCNC. Daily Times, wadda kamfanin Mirror na Landan ya saya a 1947, ita ce ta fi kowace ƙoƙarin tsayawa a tsakiya, kuma ta fi su yaɗuwa.

Saboda haka kowane ɓangare yana da hujjar yin kukan cewa jaridu sun yi masa rashin adalci, kuma kowa ya yi. NPC tana nuna jaridun Ikko da Ibadan, NEPU tana nuna na Zariya waɗanda ake bugawa da kuɗin jama'a.

Iyakar inda jarida take kaiwa

Ƙidayar 1952 ta nuna cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na mutanen Arewa ne ke iya karatun boko, masu karatun ajami da Larabci kuma kimanin kashi 5. Jarida tana bin layin dogo da motar gidan waya, ta sauka a ofishin En'e da ɗakin karatu da makaranta. A ƙasa irin ta Birnin Gwari, wadda a lokacin take da En'enta a cikin Lardin Zazzau, nesa da tashar jirgi, mutanen ƙauyuka kamar Dogon Dawa ba sa sayen jarida su karanta da safe. Idan kwafi ya iso, malamin makaranta ne ko malamin haraji zai karanta a bainar jama'a, kuma galibi albashinsa daga En'e yake fitowa.

Rediyo ma bai zama abin da ya zama daga baya ba. Hukumar NBC ta tarayya ta fara aiki a matsayin hukuma mai zaman kanta a watan Afrilun 1957, Sashen Hausa na BBC kuma ya fara watsa shiri ranar 13 ga Maris na wannan shekara, amma akwatunan rediyo sun fi yawa a birane irin su Kano da Zariya da Kaduna. Gidan talabijin na farko, wanda gwamnatin Awolowo ta buɗe a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, makonni shida kafin zaɓe, ba ya kaiwa Arewa ko kusa.

Abin da ya fi shiga kunnen talaka shi ne lacca da waƙa. NEPU tana da marubuta waƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu, waƙoƙinsu suna yawo a baki da kuma a takardun ajami. NPC tana da makaɗan fada, daga ciki akwai Sarkin Taushin Sarkin Katsina. Hatta gaisuwa ta koma alamar jam'iyya: ɗan NEPU ya ce Sawaba, ɗan NPC ya ce Salama. A wannan fage ne rashin daidaito ya fi muni, domin sai da izinin En'e ake yin lacca, 'yan doka na En'e ne, kotun alƙali da gidan yari ma nata ne. Mai lacca da ya taɓa sarki ko hakimi yana iya kwana a kurkuku da laifin zagi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa a kan haka. Ana kuma amfani da addini a matsayin makami, ana kiran masu ƙawance da jam'iyyun Kudu da sunayen da ke fitar da su daga jama'a.

AG ta kawo salon kamfe da ba a saba gani ba. Awolowo ya riƙa sauka a garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu, wani jirgin kuma yana rubutu da hayaƙi a sararin sama. Jama'a sun taru sosai domin kallo, kuma abin ya tilasta wa Sardauna da ministocinsa shiga ƙauyuka neman ƙuri'a da kansu. Taron kallo dai bai zama ƙuri'a ba a ƙasar Hausa.

Auna ra'ayin jama'a

Ba a yin ƙuri'ar jin ra'ayi ta zamani a Arewa a wancan lokaci. Jam'iyyu suna auna ƙarfinsu da yawan taro da rahoton wakilansu, kowace jarida kuma tana hasashen nasara ga nata. Zaɓukan baya ma ba ma'auni ne mai kyau ba, domin yawancinsu hawa-hawa aka yi su. A 1951, alal misali, NEPU ta yi ƙarfi a matakin farko a birnin Kano, amma aka tace ta kafin matakin ƙarshe, inda aka ƙara wakilan da En'e ta naɗa. Zaɓen 1959 shi ne na farko da aka yi kai tsaye kuma a asirce a duk faɗin Arewa. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa mai alamar jam'iyya a cikin rumfa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. Maza kaɗai suka yi zaɓe a Arewa. Mata ba su sami wannan dama ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970, alhali takwarorinsu na Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959.

Sakamako

Daga cikin kujeru 174 na Arewa, NPC ta ci 134, AG da ƙawayenta 25, NEPU 8, 'yan takara masu zaman kansu 7. A ƙasa baki ɗaya NCNC da NEPU sun haɗa 89, AG kuma 73. Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas. Yawancin kujerun AG a Arewa sun fito ne daga yankunan ƙananan ƙabilu, musamman ƙasar Tibi.

Yawan kujeru ya ɓoye wani abu. NPC ta sami kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙuri'un Arewa, amma ta kwashe sama da kashi 75 na kujerun. NEPU ta tara ƙuri'a kusan rabin miliyan ta tashi da kujeru 8 kacal, saboda tsarin da aka gada daga Birtaniya yana ba wanda ya zo na ɗaya a mazaɓa komai. A lissafin ƙasa baki ɗaya ma NCNC da NEPU a haɗe sun fi NPC yawan ƙuri'u, suna da sama da miliyan biyu da rabi, NPC kuma kimanin miliyan biyu. Ke nan mutum huɗu cikin goma na masu zaɓen Arewa sun ƙi jam'iyyar gwamnati duk da matsin En'e, abin da mai karanta jaridun Zariya kaɗai ba zai yi tsammani ba.

Irin wannan tsari yana yi wa jam'iyyar da ƙarfinta ya taru a yanki ɗaya rana a wasu ƙasashe ma. A babban zaɓen Birtaniya na 7 ga Mayu, 2015, jam'iyyar SNP mai neman 'yancin Sikotilan ta ci kujeru 56 daga cikin 59 na yankin da rabin ƙuri'un da aka jefa. Watanni takwas kafin nan ta sha kaye a ƙuri'ar raba gardama, 55 da 45, inda jarida ɗaya tak, Sunday Herald, ta goyi bayan ɓallewa, magoya bayanta kuma suka yi zanga-zanga a ofishin BBC na Gilasgo suna zargin son kai. Bambancin shi ne SNP tana so ta fita daga Birtaniya, NPC kuwa ta ajiye maganar rabuwa tun da ta ga yawan kujerunta zai ba ta jagorancin tarayyar.

Bayan zaɓe

Gwamna Janar Sir James Robertson ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati tun kafin a kammala bayyana sakamako. NPC ta yi haɗaka da NCNC, Awolowo ya zama madugun 'yan hamayya, Sardauna ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiya. Haɗakar ta jefa NEPU cikin tsaka mai wuya: tana cikin gwamnati a Ikko ta hanyar NCNC, tana hamayya da NPC a gida.

Duk da nasarar, gwamnatin Arewa ba ta yarda ta sake shiga zaɓe ba tare da kafofinta ba. Ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna a watan Maris na 1962, sannan ta maye gurbin Nigerian Citizen da jaridar kullum, New Nigerian, wadda ta fara fita ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kafin juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa.