Ɗalibi a Ɗakin Haya: Baƙon da Ba Shi da Mai Masauki

Duk farkon zangon karatu, in ka ratsa Samaru a Zariya, ko Danbare da Rimin Gata kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero a Kano, za ka ga yara ɗauke da katifa a naɗe, da bokiti, da ƙaramar tukunyar gas, suna bin dillali lungu-lungu. Da yawansu ba su cika shekara ashirin ba. Wasu daga Yola suka taso, wasu daga Yawuri ko Ilori, kuma daren farko a ɗakin da za su kama shi ne karon farko da za su kwana ba motsin kowa a kusa da su.

Babban abin da ya jawo haka shi ne ƙarancin gado. Ɗakunan kwanan Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, irin su Amina da Ribadu da Sulaiman, an gina su ne lokacin da ɗalibai ba su kai yawan na yau ba. Ana ta ƙara sassan karatu, ana ƙara yawan waɗanda ake ɗauka, gini kuwa yana tafiyar hawainiya. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'i tara, ciki har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 ta ƙara na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Kusantar da ilimi ga jama'a alheri ne babba. Sai dai an buɗe azuzuwa kafin a tanadi isasshen makwanci, don haka ƙauyuka da unguwannin gefen makarantun suka zama masaukin dole. Akwai kuma waɗanda da kansu suke gudun cikin makaranta saboda cunkoso da layin ruwa da banɗaki, iyayen da ke da hali su kama musu ɗaki a waje don su samu natsuwar karatu.

Nauyin farko a aljihu yake sauka. Mai gida yana son kuɗin shekara dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, ga ɗan garuwa, ga kuɗin wuta ko an kawo ko ba a kawo ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin a-daidaita-sahu ya zama abin da ake lissafawa kafin a yanke shawarar zuwa lacca. Naira 20,000 da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ke bayarwa a wata tana rage zafi, amma ba da ita ake biyan haya ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ma, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya cinye hayar ɗalibai alhali ɗakunan suna rufe da kwaɗo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin mai ɗaukar nauyi. A al'adarmu baƙo ba ya zama haka kawai. Bafatake in ya sauka a zango yana da mai masauki, wanda zai tsaya masa in rigima ta taso. Mai neman ilimi da ya je Zariya ko Gabas yana ƙarƙashin malaminsa, sau da yawa har da uwar ɗaki da za ta lura in ya kwana biyu bai leƙo ba. Ɗalibin ɗakin haya ya rasa wannan duka. Makaranta tana ganin ikonta ya tsaya a bakin ƙofarta, mai gida rasit kawai ya sani, mai unguwa bai san an zo ba, iyaye kuma muryar waya ce da ke tambayar sakamakon jarrabawa. Zazzaɓin cizon sauro zai iya kwantar da yaro kwana uku ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Damuwa kuwa ta fi zazzaɓi iya ɓuya, kuma yaron da aka haɗa wa kuɗin makaranta da ƙyar ba ya son ya ce wa mahaifiyarsa ya kasa. A irin wannan kaɗaici ne abokan banza da ƙwaya da cacar waya suke samun ƙofa.

'Yan mata nauyinsu ya ninka. Budurwar da ke zaune ita kaɗai a ɗakin haya, unguwa tana sa mata ido don ta samu abin faɗa, ba don ta kare ta ba. Mun kuma ga abin da rashin kariyar yake haifarwa. A ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashe ɗalibai, akasarinsu mata. Ba a yi mako biyu ba aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma, su ma daga masaukinsu na wajen makaranta.

Ba na musun cewa zaman yana gina mutum. Wanda ya raba kwanon shinkafa ya kai shi ƙarshen wata, ya zauna lafiya da maƙwabcin da ba yarensu ɗaya ba, addininsu ma daban, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Ƙungiyoyin ɗaliban jihohi, da na Musulmi da na Kirista, suna ƙoƙarin cike giɓin, su nemo wa sabon zuwa ɗaki, su kai marar lafiya asibiti. Amma su ma yara ne masu jarrabawa a gabansu.

Gina isassun ɗakuna zai ɗauki shekaru da kuɗi masu yawa. Abin da ba ya buƙatar ko bulo ɗaya shi ne kowace jami'a ta san gidan da kowane ɗalibinta yake kwana, ta yi rajistar masu gidajen hayar, ta zauna da masu unguwanni da 'yan sintiri, ta kuma ba ɗalibai lambar da za a ɗauka in sun kira da ƙarfe biyun dare.